Tarar Latti a Ajin Matan Kakuri

Litinin, 9 ga Maris 1987, bayan magariba

Yau na shiga babin adverb da matan ajin yamma. Da Hausa bayanau ake ce masa, amma in na ce bayanau Philomena da mutanenta su zuba mini ido, in na ce adverb Dije da nata mutanen su zuba mini nasu, don haka duka biyun nake faɗa, kowace ta ɗauki wanda zai haɗiyu. Na ce musu kalmar aiki ita ce uwar jimla, bayanau kuwa ɗan gulma ne da ke bin ta a baya: shi ke tona yadda aka yi aikin, da lokacin da aka yi shi, da wurin. Na nuna musu yadda Bature ke ɗaukar siffa ya liƙa mata wutsiya, quick ta zama quickly, slow ta zama slowly. Dije ta ɗaga hannu da ƙarfinta ta ce to fastly. Na ce a'a, fast haka aka haife ta, ba wutsiya. Ta ce wallahi Turawa ba su da amana.

Shekara biyu ke nan da na buɗe ajin nan a ɗakin ƙarshe na firamaren da nake koyarwa a Kakuri. Rabin matan daga unguwarmu Makera suke zuwa, rabin kuma 'yan coci ne daga Kakuri da Sabon Tasha. Dukansu jarrabawar GCE ta Nuwamba suke hari. Dije a masaƙa take aiki, ta gaji da ganin yaran da ta koya wa inji suna zama shugabanninta saboda takarda. Philomena atamfa take sayarwa a kasuwa, ta ce Turancin kasuwa ya ishe ta ciniki amma bai ishe ta duba aikin makarantar 'yarta Ebele ba. Benci ɗaya suke zama, littafi ɗaya gare su, yau ya kwana Makera gobe ya kwana Kakuri.

A ajina ba a biyan tarar latti da kuɗi. Wadda ta makara tana tsayawa a bakin ƙofa, in je in raɗa mata kalma a kunne, ita kuma ta tako zuwa bencinta yadda kalmar ta ce, aji su canka. Don kunya ta hana su latti na ƙirƙiro shi, sai ga shi wasu da gangan suke makara. Yau Christy ce, na raɗa mata angrily. Ta shigo tana buga ƙafa tana harare-harare kamar wadda aka cinye wa adashi, muka yi dariya har maigadi ya leƙo.

Kafin mu tashi na ce kowace ta kawo jimla. Philomena ta karɓi alli ta rubuta a allona: Usman is learning quickly. Ta juyo ta ce, “Malama, ba ƙarya ba ne o. Anayo ya ce ƙaninki yana da kai.” Na ji daɗi har cikin raina. Tun da masaƙa ta sallami Usman bara yake zaune a gida, ƙato da gemu, yana cin tuwon Inna yana zagin gwamnati, sai da na roƙi Philomena ta sa baki mijinta Anayo ya ɗauke shi a garejinsa. Na ce kada kowa ta goge, ran Laraba daga jimlar nan za mu tashi. Allon nawa ne na kaina, da baƙin batir nake shafe shi, in mun tashi sai in juya fuskarsa bango a bayan kabad saboda yaran safe.

A bas ana ta ƙus-ƙus kan rikicin addinin da ya faru can kudancin jihar nan. Ni dai ina da aikin yara da zan duba.

Laraba, da azahar

Ba aji. Tun da hantsi aka sallami yara. Daga tsakar gidanmu ana hango hayaƙi ta ko'ina. Usman bai dawo ba.

Laraba, bayan la'asar

Ya dawo.

Alhamis, da hantsi

An sa dokar hana fita. Rediyo na ta cewa an shawo kan lamarin, daga nan sai su saki kiɗa. Wane lamari, ba su faɗa ba.

Jiya Usman ya shigo rigarsa na warin fetur. Bakanike ne, kullum da wari yake dawowa, haka na ce wa kaina. Amma jiya ba wanda ya buɗe gareji a garin nan. Inna ta karɓi rigar ta wanke da kanta, ita da tun azumin bara take cewa hannunta ba ya iya matse wanki. Ban tambaye shi ba, shi ma bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ci tuwo sosai.

Na zauna na shirya darasin bayanau na lokaci: yesterday, today, soon, already. Aji zai dawo, ko wa ya ƙi.

Asabar, da yamma

Dije ta zo ta lungun baya. Ta gaya mini abin da ya sami garejin, da motocin mutane da ke ciki, da hannuwan Anayo lokacin da yake ƙoƙarin tura su waje. Ba zan rubuta ba. Yana asibiti. Philomena ta kwashi yara ta koma Sabon Tasha, gidan ƙanin mijinta.

Dije ta ce, “Malama, littafin ma a gidanta ya kwana.” Tana faɗa ta fashe da kuka, sai ka ce littafin ne abin kuka. Usman na ɗaki yana jin mu, ya ƙara ƙarar rediyo.

Litinin, bayan magariba

An buɗe makaranta, na buɗe ajina. Matan Makera ne kaɗai suka zo, su ma ba duka ba. Kowace ta zauna a gefen bencinta ta bar rabin fili, ba tare da na ce ba. Na juyo allo, jimlar na nan yadda aka bar ta. Na ga idanunsu sun sauka a kan sunan sun kauce. Wato an sani. A Makera komai an sani, faɗa ne dai ba a yi.

Na rubuta darasi a ƙasan jimlar, na koyar da su kamar ɗakin a cike yake. Ban goge allo ba.

Laraba, da azahar

Hedimasta Malam Shehu ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, sai dai tsoro, ko inuwarsa ta motsa sai ya yi salati. Ya ce, “Malama Asabe, kwamitin iyaye sun zo. Sun ce haɗa matan nan a ɗaki ɗaya yanzu neman fitina ne. Ki ɗauki naki ki koma da su zauren Islamiyya a Makera, su kuma waɗancan cocinsu ya nema musu malami. Kowa ya huta.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, waɗanne ne nawa? Duk wadda na koya wa riƙe biro tawa ce.”

Ya ce in daina taurin kai. Na ce an makara, da shi aka yaye ni. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya ce, “To ga magana. Ai ba sa zuwa ma. In har ƙarshen wata ba su dawo ba, babu ajin da za mu yi jayayya a kai, ki kawo mini makulli. In sun dawo da ƙafarsu, ni zan tsaya gaban kwamiti.” Ya faɗa ne don ya tabbata ba za su dawo ba.

Na san inda maganar take. Matan Kakuri da Sabon Tasha inda Philomena ta sa ƙafa nan suke sa tasu, ita ta kawo su tun farko. In ta dawo sun dawo. In ba ta dawo ba, aji ya mutu.

Alhamis

Zafi kamar a tanda. Ba wuta, ba ruwa a famfo. Ban goge allo ba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yau ina sharar ɗakin Usman, tun da shi ba ya yi, tsintsiya ta bugi ƙarfe a ƙarƙashin gado. Akwatin kayan aiki ne, ja, an rubuta ANAYO da farin fenti a murfinsa. Na jawo shi tsakar gida na zauna a kai har ya dawo daga masallaci da carbinsa.

Ya ce ceto shi ya yi daga wuta. Na ce madalla, to me ya hana ka kai wa mai shi? Ya ce gari ba lafiya. Na ce asibitin da maigidanka yake kwance fa, shi ma gari ne ya hana ka? Sai ya hau ni da faɗa, wai ni mace ce ban san abin da aka yi mana ba, wai boko ya cinye mini zuciya. Na ce mutumin da ya ba ka sufana ya ba ka abincin rana, shi ya yi maka me? Ya kau da kai yana jan carbi. Da ya musa ma da na ji sanyi, amma bai musa ba.

Inna ta fito ta ce, “Asabe, rufa mana asiri. Ki bari dare ya yi a jefa shi kogi.” Na ce, “Inna, ki gafarce ni, kayan mutane ne.” Tun ina yarinya ban taɓa musa mata magana a gaban wani ba. Na ja akwatin ɗakina na sa kwaɗo.

Raina a ɓace yake, kuma kunya nake ji. Ni na kai shi garejin nan da bakina.

Lahadi, da yamma

Na kai shi. Na naɗe shi da tsohon zane na ɗora a ka har bakin titi. Kwandastan bas ɗin Sabon Tasha ya dube ni da mayafina ya ce, “Hajiya, kin san inda motar nan za ta?” Na ce na iya karatu. Duk hanya ba wanda ya yi mini magana, wata mata ta janye ɗanta daga jikina. A shingen sojoji aka ce in buɗe, na buɗe, sojan ya ga sufanu ya ce ko ni bakaniya ce. Na ce malama ce. Ya yi dariya ya ce mu wuce.

Lokacin tashi daga coci na isa, titi cike da fararen kaya da ɗaurin ɗankwali, ni kaɗai da akwati a ka. Christy ce ta gan ni, ta riƙe baki, ta raka ni har ƙofar gidan. Ƙanin Anayo ya fito ya karɓi akwatin, ya buɗe ya duba ya rufe. Ya ce, “A ina kika samu?” Na ce a gidanmu. Ya daɗe yana kallona. Na ce ina son ganin Maman Ebele. Ya shiga ya fito ya ce ba ta nan. Takalmanta na bakin ƙofa, ni na raka ta ta saye su.

Na ɗaga murya yadda za a ji a ciki na ce, “A gaya mata aji na nan Litinin da Laraba da Alhamis, kuma mun kusa gama bayanau, in ta bari muka wuce ba zan koma baya saboda ita ba.” Labule ya motsa. Shi ke nan.

Litinin, bayan magariba

Mata huɗu. Na koya musu always, often, sometimes, never, masu faɗin sau nawa ake abu, na ce su waɗannan gaban kalmar aiki suke zama ba bayanta ba. Na ba da misali: My mother never eats alone. Ina rubutawa na tuna tun ran Juma'a Inna a ɗakinta take cin abinci.

Talata, da hantsi

'Yan sanda sun zo da asuba da mota. Sunan Usman suka kira daga waje, cikakke, har da sunan mahaifinmu. Ko takalmi bai sa ba.

Ban je makaranta ba.

Laraba, bayan magariba

Na je. Da safe na koyar da yara, da yamma na buɗe aji.

Inna ta yi magana ɗaya tun jiya. Ta ce, “Kin ɗauki shaida a kanki kin kai musu har gida. Ki zuba ruwa a ƙasa ki sha.” Mata sun cika gidanmu kamar ana zaman makoki, in na gifta a yi shiru, in na wuce a ci gaba. Wata gwaggonmu ta ce wai har yanzu ina da fuskar zuwa jiran arna a aji. Na ce, “Gwaggo, ba arna ba ne, ɗalibaina ne, kuma ɗaya daga cikinsu ta ciyar da ɗanku wata shida.” Na ɗauki jakata na fita.

Akwatin Anayo ne. Ko yau aka dawo da ni ran Lahadi zan sake kai shi. Haka nake faɗa, kuma haka nake faɗa wa kaina a bas, da wurin alwala, da gaban allo. Amma ƙanina ne, ni na goya shi. Na ga tafin ƙafarsa lokacin da suka tura shi mota, abin ya ƙi barin idona.

Dije kaɗai ta zo. Sauran mazansu sun hana. Ta ce nata ma ya hana, ta ce masa obataya take yi a masaƙa bayan an tashi aiki. Na ce ba na son ƙarya a kan ajina. Ta ce, “To Malama, ki zaɓa, ƙarya ko benci.” Na ce buɗe littafin rubutunki.

Alhamis, bayan magariba

Ni da Dije. Na koya mata tarkon da masu jarrabawa suka fi so: hard da hardly. He works hard, mutum ne mai aiki tuƙuru. He hardly works, malalaci ne, da ƙyar yake taɓa aiki. Wutsiyar da ke gyara wasu kalmomi ita ta kife wannan. Dije ta ce ta gane, na farko ita ce, na biyu shugaban sashensu. Na yi dariya, rabona da dariya tun ranar Christy.

Da za mu tashi ta tsaya gaban allo ta ce, “Malama, ki goge wannan mana. Ni ma ba na iya kallonsa.” Na ce mai shi ba ta zo ba. Ta ce in ba ta zo ba fa? Na ce to da shi za a mayar da makulli.

Asabar, da azahar

Na kai masa abinci inda ake tsare da su. Layi har titi, duk mata da kwanuka. Inna ta dafa, ni na ɗauka, ba mu yi magana ba, ta ajiye a ƙofar ɗakina ne kawai. Ya rame. Ya karɓi kwanon ya ce, “Yaya, ke ce?” Na san abin da yake tambaya. Na ce akwati na kai, suna ban kai ba. Ya ce duk ɗaya ne. Na ce ci abincinka.

Da zan tafi ya ce, “Hannun maigida fa?” Na ce yanzu ka tuna yana da hannu? Ya sunkuyar da kai. Na fito na sami gindin mangwaro na yi kukan da na hana kaina a gida, na share fuska na hau bas.

Lahadi

Ba komai. Wanki.

Litinin, da azahar

Malam Shehu ya tare ni a baranda, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ya ji abin da ya sami gidanmu, Allah Ya kawo sauƙi. Ya ce ba sai na jira gobe ba, in ba shi makulli yau in huta, ba wanda zai ga laifina. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarshen wata ka ce, kuma yau Litinin, ranar aji ce. Wata bai mutu ba.” Ya ce Allah Ya shirye ni. Na ce amin, tare da kwamiti.

Na share ɗakin da kaina, na jera bencina duka, har waɗanda na san ba mai zama. In za a rufe, a rufe shi a tsaye.

Litinin, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru tun ban manta komai ba.

Dije ta zo da mata biyu da ta janyo daga Makera, ban tambaye ta wace ƙaryar suka yi ba. Na fara darasin gwada bayanau, slowly, more slowly, well, better. Malam Shehu ya kafa kujera a baranda yana karanta jaridar da ya riƙe tun safe. Mun yi nisa sai na ji takun mutane da yawa. Christy ce ta fara leƙowa, bayanta sauran, sun cika baranda sun tsaya, ba wadda ta shigo. Suka buɗe hanya. Philomena ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, daidai inda mai latti ke tsayawa, littafin a ƙirjinta. Ta faɗa sosai, zanenta har ya zagaye ta da saura.

Ban san lokacin da na ajiye alli ba. Doka doka ce, na taka zuwa ƙofa, na kai bakina kunnenta. Kafin in yi magana ta riƙe mini hannu ta rigaye ni, a hankali yadda ba mai ji sai ni.

Ta ce, “Malama, ni na ba da sunan Usman. Da idona na gan shi, shi ya nuna wa masu sa wuta inda durom ɗin fetur yake. Tun kafin ki kawo akwati na faɗa. In kin ce in koma, zan koma.”

Kaina ya yi dum. Abu biyu suka taso mini tare. Ɗaya kamar an sauke mini dutse daga ka, ashe ba akwatina ba ne. Ɗayan kuwa wuta ce, na ji ina son in fizge hannuna in tura ta waje in rufe ƙofa, don tafin ƙafar nan na gani a gabana. Mako biyu ina cika baki gaban hedimasta da Inna da gwaggo cewa duk ɗalibaina ne, ban san da kaina zan yi kokawar ba. Duk ɗakin ni ake kallo, na ciki da na waje. Malam Shehu ya sauke jarida.

Na ce mata a kunne, “Kin yi latti, Maman Ebele.” Muryata ba tawa ba. Ta ce, “Na sani.” Na ce, “Slowly.” Ita ce mafi sauƙi a duk littafin, kuma ina bukatar lokacin da zan gyara fuskata.

Ta tako. Ban taɓa ganin ɗakin nan da tsawo haka ba. Ba wadda ta yi dariya. Tana ɗaga ƙafa tana ajiyewa, idonta a kan allo, ta ga rubutunta. Da ta kai tsakiya Dije ta janye jakarta daga rabin bencin, ta ɗaga hannu tana hawaye ta ce, “Slowly, Malama!” Na ce daidai. Sai Christy ta ce daga ƙofa, “Malama, mu ma duk mun yi latti o.” Na ce ba ni da kalmomin da za su ishe ku, ku shigo kafin in canza ra'ayi. Suka shigo, kowace ta nemi rabin bencinta. Wasu bencin rabin Makera ne babu kowa, suka zauna suka bar filin.

Na ɗauki tsumma na juya ga allo. Philomena ta miƙe ta ce, “Ni na rubuta.” Na miƙa mata. Ta goge shi tas, har ƙasa, ta ninke tsumman ta ba ni, ta koma ta buɗe littafin tsakaninta da Dije. Na tambaye ta jikin Anayo a gaban kowa. Ta ce hannun dama zai yi aiki, na hagu sai yadda Allah Ya yi. Na ce Allah Ya ba shi lafiya, na Makera suka ce amin, na Sabon Tasha suka ce amin. Na rubuta here, there, outside, na ce bayanau na wuri, ku buɗe shafi na gaba.

Da muka tashi Malam Shehu na tsaye da jaridarsa a hammata. Na kulle ƙofa a gabansa na jefa makullin a jakata. Ya ce, “Kin jawo mini kwamiti.” Na ce kai ka yi alkawari, ranka ya daɗe.

Ban yafe mata ba tukuna, ita ma ban ce ta yafe mana ba. Ban gaya wa Inna abin da ta raɗa mini ba, kuma ba zan gaya mata ba, gara ta ci gaba da fushi da ni, ni ta haifa. Kwanon Usman na ƙofar ɗakina, gobe da sassafe zan kai masa kafin makaranta.

Littafin yau a Makera ya kwana. Laraba akwai aji.